Hanyar Ciki ta Nakkasa

Ranar da Yaya ya sayo kwaɗo ya ajiye shi a kan firij, mun yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba tun muna yara. Nufinsa a kafa wa ƙofarmu maƙali ta waje, a riƙa kulle Umma a ciki duk lokacin da na tafi aiki. Na ce masa uwarmu ba akuya ba ce. Ya ce shi ma ya sani, amma da aka tsince ta a bakin wani shagon kayan miya can a titin Mansur, ƙafa babu takalmi ɗaya, lambarsa aka kira, ba tawa ba. Gaskiyarsa ce, kuma ita ce ta fi ba ni haushi.

A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife mu ni da shi, a wani gida da ke maƙale a jikin dutse. Kakanninmu daga Kano suka zo aikin Hajji suka zauna. Da rusau ya zo ɓangarenmu muka kwashe kaya muka koma unguwar Zahir, ni da Umma a hawa na biyu na wani bene, Yaya da iyalinsa a layin baya. Gidan ba shi da laifi. Ruwa na zuwa, mukayyif na hura sanyi, babu hawan dutse da jarka a kai. Da farko Umma ta zauna lafiya lau, har tana yaba famfon kicin. Daga baya mantuwar tsufa ta fara shigarta a hankali. Kullum ta idar da la'asar sai ta yafa mayafi, ta ɗauki wani kwanon silba mai murfi, ta ce za ta leƙa Gwaggo ta dawo.

Gwaggo ba 'yar'uwarmu ta jini ba ce. Maƙwabciya ce mai tuyar masa, ƙawar Umma tun suna amare. Ta rasu ba da jimawa ba bayan an watse daga unguwar. Umma ta je gaisuwa, ta yi kukanta, amma mantuwa ta share wannan ranar ta bar sauran. In muka tuna mata sai ta yi sabon kuka kamar yanzu aka aiko, don haka muka daina. Sai dai in ba a tare ta ba za ta sauka, ta miƙi titi tana neman unguwar da babu ita.

Na roƙi Yaya ya ba ni lokaci. Na ce na gyara lokacin aikina, ina dawowa kafin la'asar. Ya ce to, da aikin Hajji fa, lokacin da ba kya ganin gida sai dare? Ya ɗauki makullin motarsa ya ce, "Khalas, ya ukhti, shi ke nan, 'yar'uwa. Kafin alhazai su cika gari, in babu wata dabara, zan kafa shi." Bai ɗauki kwaɗon ba. Ya bar shi a kan firij cikin ledarsa, inda zan riƙa ganinsa duk sanda na buɗe in ɗauki ruwa.

Ni ba likita ba ce, abin da na iya shi ne layi. Ina aiki a wani kamfanin motoci da ke jigilar alhazai, ni ce mai fitar da zanen hanyoyi: wace mota ta bi ta ina, ina ta tsaya, ina cunkoso ya riƙe ta. Da rubutaccen umarni ake yi a kwamfuta. Akwai wata manhajar zane da muke amfani da ita, abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne guntun layi. Ka ba ta lambobi huɗu, biyu su nuna inda zai fara, biyu inda zai ƙare, sai ta ja maka shi a miƙe. Duk lanƙwasar hanya, guntayen layi ne aka jera baki da baki. Sauran aikin ado ne: kaurinsa nawa, wane launi, a ja shi ɗoɗar ko a tsittsinka shi, bakinsa ya zama yankakke ko mai zagaye, in biyu sun haɗu wanne zai hau kan wanne. Abokan aikina maza suna ce mini mai kwalliya, amma ranar da na yi hutu suka fitar da zane da kansu, shugabanmu ya kasa gane titi da lungu.

Sai na ce bari in zana wa Umma Nakkasa. Tunanina shi ne, in ta ga unguwar a bango a daidai lokacin da ƙafarta ke ƙaiƙayi, ƙila ta tsaya ta kalla, mu yi hira, har magariba ta yi lokacin ya wuce. Ban gaya wa Yaya ba, don na san dariyar da zai yi.

Na nemo tsohon hoton unguwar da aka ɗauka daga sama kafin rusau. Na bi kowane lungu ina ɗebo lambar kowace kwana. Aiki ne mai cin ido, domin lungunan Nakkasa ba su san miƙewa ba, wani ma sai ya shige ƙarƙashin ɗakin da aka ɗora masa ya ɓullo can gaba. Da na gama, gaggawa ta sa na zuba wa manhajar lambobin duka a jere guda. Ita kuwa ba ta da wayo, abin da ka ba ta shi take yi. Ta ɗauka hanya ɗaya ce doguwa, sai ta riƙa haɗa ƙarshen wannan lungu da farkon wancan. Layuka suka ratsa ta cikin gidajen mutane, ta kan rufi, ta tsakar gida, abin ya zama kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na riga na buga shi a takarda kafin in duba da kyau. Na ja tsaki na jefa takardar ƙarƙashin faranti a kan tebur.

Na koma na raba kowane lungu daban, kowane guntu da farkonsa da ƙarshensa. Sannan na yi masa ado yadda muke yi a wurin aiki. Titin mota na ƙasan dutse na ba shi kauri da launin toka mai duhu. Lungunan ƙafa sirara, baƙaƙe. Matakalu na yi musu gajerun tsinke-tsinke a jere. Gidaje na shafa musu ruwan ƙasa mai haske don kada su danne layukan, gidanmu kuma na sa masa ɗigo ja. Wallahi ya yi kyau. Na kai wani shago a nan Zahir aka buga mini a babbar takarda, na dawo ina ji da kaina.

Bayan la'asar, tana laluben mayafi, na shimfiɗa mata a kan tebur. Na ce, "Umma, zo ki ga."

Ta sunkuya ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ce, "Garin waye wannan?"

"Nakkasa ce, Umma. Ga titin ƙasa, ga masallaci, ga matakalar da ake hawowa. Ga gidanmu nan, ja."

"Auta, ni ban taɓa zama a nan ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗaga murya, abin da ba na so in yi mata. Na ce kowane lungu da ke cikin nan na auna shi, babu wanda na ƙara babu wanda na rage, in ba Nakkasa ba ce to mece ce? Ta ɗaga farantin nan za ta kai kicin, sai takardar farko mai ruɗaɗɗun layuka ta manne a gindinsa ta faɗo. Ta ɗauka, ta kai ta kusa da fuska, ta juya ta, sai na ga ta yi murmushi.

"Wannan dai ya san ana wucewa ta cikin gidaje," in ji ta. "Amma ya ɓata hanya, bawan Allah. Ta nan ai banɗakin mai ɗinki ne."

Na zauna. Sai a lokacin na tuna da hanyar ciki.

Ba wai ban san ta ba ne, a kanta na girma. Da yake gidajen a jikin dutse suke, rufin na ƙasa yakan zo daidai da tsakar gidan na sama. Mata suka yi amfani da wannan. Daga rufinmu a tsallaka wata gajeriyar katanga a faɗa rufin mai ɗinki, a sauka ta bayan tankinta, a ratsa kicin ɗin wata Basudaniya, a fita ta wata 'yar ƙofa da aka fasa a bango wadda sai an sunkuya, a bi gefen shanyar wani gida mai 'yan biyu, sannan a gangara tsakar gidan Gwaggo. Ba a sa abaya, mayafi ya isa. Ta nan gishiri ke tafiya, da garwashi, da labarin haihuwa, ta nan ungozoma ke zuwa. Dokokinta biyu ne, ba wanda ya rubuta su. Ƙofofin hanyar ciki ba a kulle su, ko da an yi faɗa ba a magana. Namiji kuma, da zarar muryarsa ta fara buɗewa, ya bar ta ke nan. In mace ta ɓullo yana tsakar gidansu, shi ne zai juya baya har ta wuce. Na tuna ranar da Umma ta koro Yaya daga rufin mai ɗinki da ludayi, ta ce ya girma, ya zagaya ta lungu kamar sauran maza.

Umma kan yi wata ba ta taka lungu ba, in ba Harami za a je ba ko asibiti. Ni kuma na zana mata unguwar da mota da maza suke bi, domin a wurin aikina abin da ba shi da suna kuma mota ba ta shiga, ba ma kiransa hanya. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Washegari na ɗauko kwamfutar na ajiye a gabanta. Hoton sama bai taimaka ba sosai, rufi duk iri ɗaya ne, sai tankuna. Umma ce ta riƙa ja na. Matar da ba ta tuna ko ta ci abincin rana ba, ta riƙa cewa, "A'a, tankin yana hannun hagu. Ki matso. Nan ne aka fasa ƙofar, shekarar da Basudaniya ta yi ɓari." Ni kuma ina sa ɗigo, ina ɗebo lamba, ina ja guntu ɗaya bayan ɗaya. Da na gama sai hannuna ya yi abin da ya saba. A wurin aiki, hanyar da ba ta hukuma ba ko ta wucin gadi, siririya ake yin ta, a tsittsinka. Haka na yi, na juya mata allon.

Ta ɓata fuska. "Wa ya kakkarya ta?"

Na fara bayani cewa alama ce kawai, don a bambanta ta da titi.

"In na sa ƙafa a wannan ramin ai faɗawa zan yi. Ke, hanyar da na fi bi a duniya ita za ki yi wa giɓi? Cike ta."

Na goge umarnin tsinkewar, layin ya haɗe. Ta ce ya rame. Na ƙara masa kauri. Ta ce ƙara. Na ƙara har ya kai titin mota, na ce Umma, haba, ya isa haka. Ta ce titin motar me ya taɓa kawo mata? Na ƙara har ya fi shi. Da layin ya yi kauri sai wani aibi ya fito: a kowace kwana, inda guntu biyu suka haɗu, bakinsu yankakke ne, sai ya bar wata 'yar tsaga kamar an ɓantare. Ita ma ta gani, ta sa farce a wurin. Na mai da bakunan masu zagaye, kowace kwana ta rufe sumul. Sannan na ga launin gidajen ya hau kan layin a wasu wurare ya dusashe shi, na ba shi umarni ya zauna a saman komai.

Launi ne ya fi cin lokaci. Na sa ja, ta ce ba yanka ake yi ba. Na sa kore, ta yi shiru, wanda a wurin Umma ya fi zagi. Can ta ce a yi shi kalar ƙofar Gwaggo. Shuɗiya ce, na tuna, amma shuɗi iri-iri ne a kwamfuta. Na riƙa canzawa tana cewa ya yi haske, ya yi duhu, wannan na makaranta ne. Na ƙule har na ce ta zo ta karɓi aikin nawa, albashin ma a riƙa ba ta. Ta ce da ta karɓa da tuni an gama. Daga ƙarshe muka dace da wani shuɗi mai ɗan toka-toka, irin na fentin da rana ta ci, ta ce, "Yawwa."

Saura abu ɗaya. Na tsayar da guntun ƙarshe a bangon gidan Gwaggo, domin a ƙa'ida hanya a bakin gida take ƙarewa. Umma ta ce ita ba a bango take tsayawa ba, ba baƙuwa ba ce. Har gaban murhu take zuwa. Na canza lambobi biyun ƙarshe, layin ya shiga tsakar gidan ya tsaya inda kaskon masa yake zama.

Na sake kai wa mai shago ya buga. Ya dubi takardar ya tambaye ni da Larabci ko wannan shuɗin kogi ne. Na ce masa eh, kogi ne, a Makka, ya buga kawai. Na manna ta a bango dab da ƙofar fita, daidai tsayin Umma, ba nawa ba.

Kwanakin farko ba ta kula ta da la'asar ba. Da safe takan tsaya ta duba, ta gyara mini wani abu da baki, amma lokacin fita na yi sai ta wuce ta kama hannun ƙofa, in tare ta da shayi da surutu. Gari kuwa ya fara cika. Motocinmu sun fara kwana a hanya, an kafa jadawalin aikin Hajji, sunana na ciki. Na daina kallon saman firij.

Ranar da Yaya ya zo, da sukudireba ya zo da maƙalin ƙarfe a leda. Bai yi faɗa ba, ni ma ban yi ba, na gaji. Ya gaida Umma, ya ɗauko kwaɗon daga kan firij, ya tsaya yana auna inda zai huda a jikin ƙofar. Ya ga takardar ya ce, "Wannan fa?" Na ce zane ne. Ya ce mhm.

Umma ta sallame la'asar. Ta yafa mayafi, ta ɗauki kwanon silba, ta nufo ƙofa. Yaya na tsaye a wurin, don haka ba ta samu hannun ƙofar ba, ta tsaya a gaban takardar. Ta dube ta. Sai ta mai da kwanon hannun hagu, ta ɗora yatsa a kan jan ɗigon nan, ta hau shuɗin layi.

A hankali take tafiya. Ta tsallaka katanga ta ce, "Sannu da aiki," wa mai ɗinki. Ta zagaya tanki. A kicin ɗin Basudaniya ta yi gaisuwa da Larabci, ta tambayi jikin yaro. Da ta zo 'yar ƙofar nan, wallahi sai da ta sunkuyar da kai. Nan ta lura da mutum a gefenta. Umma ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa, da furfurarsa da sukudirebansa.

"Kai, ba ka da kunya? Mata na wucewa."

Yaya ya sauke sukudireban. Ya juya ya fuskanci bango.

Ta ƙarasa. Ta bi gefen shanya, ta gangara, yatsan ya tsaya a gaban murhu. Ta ƙwanƙwasa takardar da farce ta yi sallama. Babu wanda ya amsa. Ta sake yi, muryarta ta ɗan ɗaga. Tsoro ya kama ni, don na san in shirun ya yi tsawo, ƙofar gaske za ta nema. Daga inda nake a bakin kicin na ce, "Wa alaikumus salam, maraba. Yau kin makara."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Yaran nan ne suka tsare ni. Ga kwanonki, na gode." Ta miƙo shi gefe, na zo na karɓa. Ta tsaya ta ba Gwaggo labarin ciwon gwiwarta da tsadar tumatir, ina amsa mata da "ayya" da "Allah ya sawwaƙe". Sannan ta ce bari ta koma kada magariba ta same ta, ta bi layin ta dawo har jan ɗigo, ta cire mayafi ta zauna ta ce in ba ta ruwa.

Yaya na nan fuskarsa a bango. Sai da na ce masa ta wuce sannan ya juyo, ya share ido da bayan hannu, ya ce mukayyif ɗin nan yana sa masa mura. Ya zuba maƙalin da sukudireban a leda. Kwaɗon ya sa a aljihu.

Ba warkewa ta yi ba. Akwai ranakun da takarda ba ta isa ba, sai an tare ta. Da aikin Hajji ya kankama, matar Yaya ce ta riƙa zuwa da la'asar tana amsa sallamar, wata rana shi da kansa ya kawo ta, ya tsaya a waje har a gama. Na rataya ƙararrawa a hannun ƙofar saboda ko-ta-kwana. Amma har Allah ya karɓi Umma ba a taɓa kulle ta ba.

Takardar tana nan inda na manna ta. Titin mota da lunguna suna nan fes kamar jiya aka buga. Shuɗin layin ne yatsanta ya cinye, ya koɗe wuri-wuri, a wajen tanki da gaban murhu har farar takarda ta fito. Da tana nan da ta ce wa ya kakkarya ta. Umarnin zanen yana cikin kwamfutata, mai shagon ma yana nan a Zahir, ban dai kai masa ba.